Tattasan da Hajara ta dasa

Jiya da hantsi ina durƙushe a bayan ɗaki ina tsinkar tattasai, sai ga Inna Talatu maƙwabciyarmu ta shigo da sallama.

Matata Hajara ce ta dasa shi kafin Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan ni nake ɗebo masa ruwa daga kanal. Da ya nuna, na tsinke jajayen kaf, da niyyar a kai markaɗe.

Inna ta leƙa kwandon ta ce, "Malam Sani, ina na iri?"

Na ce, "Ai iri a kasuwar Bunkure ake saye."

Ta girgiza kai. "Marigayiya ba ta taɓa saye ba. Daga gidansu ta zo da shi tana amarya. Duk shekara manyan take warewa."

Shekara da shekaru ina shan miyarsa, ban taɓa tambaya ba.

Inna ta zaɓi manyan, ta tsaga, ta shanya 'ya'yan a faifan Hajara. Tun safe nake zaune ni kaɗai a tsakar gida, ina kore musu kaji.

Jama'a, wa zai koya mini yadda ake yafa iri? Ba na so ya ƙare a hannuna.