Malamar da Ba Ta Cikin Hoto

Tun kafin a buɗe ɗakin cin abinci na otal, Malama Ƙarshen-Layi ta riga ta bi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa. "Ku tashi, 'ya'yan nan! Wanda ya mance katin shaidarsa na wuya, ni da shi ne." Jakarta kanti guda ce: allura da zare, maganin ciwon kai, cajar waya. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don duk shekarun da ta yi tana raka su taron matasa na duniya ba ta taɓa tafiya a gaba ba. Cewa take, na gaba ba ya ganin wanda ya yi tuntuɓe.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma shugaban makaranta ya ce in ba a sami madadinta ba, tafiyar bana ta sha ruwa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Makaranta ɗaya muke koyarwa, amma sau ɗaya na taɓa raka ta, shekaru da dama da suka wuce, ban ƙara marmari ba. Yaro ya ga matattakala mai tafiya da kanta, ya hau ya sauka ya sake hawa, mota na jira. Wata uwa ta bugo waya: "Malama, ya sa rigar sanyi kuwa? Ba ni shi in ji." Yaron da ya fi Malama tsawo! In ɗa ya ciwo lambar yabo, ƙwaƙwalwar ubansa ya gado. In ya yar da hula, sakacin Malama ne.

A waccan tafiyar akwai yarinyar da ake kira Shiru-Shiru, ita za ta yi jawabi a madadinmu. Ana dab da kiran sunanta dunduniyar takalminta ta ɓalle. Ta maƙale a bayan ƙofa tana hawaye. "Malama, na fasa. Dariya za su yi mini."

Malama ba ta yi mata wa'azi ba. Ta tuɓe nata ta tura mata. "Sa ki wuce, 'yata. Bakinki suka zo ji, ba ƙafarki ba."

Yarinya ta hau dandamali da takalmin da ya yi mata yawa. Mai gadin zaure kuwa ya dubi ƙafar Malama ya ce ba a shiga haka. A baranda ta tsaya kan tayil mai sanyi, rigunan yara a kafaɗa, tafin kawai ta jiyo ta bango.

Ke ma, Malama, kina ba ni haushi. Da muka nemi hotonki don bikin sallama, muka zazzage na duk shekarun, babu fuskarki ko a ɗaya. Ko ke ce mai ɗauka, ko kina can kina neman wanda ya shige bayi. Shugaba kuwa yana tsakiyar kowanne da murmushinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Jiya a taron malamai aka tambayi mai son tafiya, hannuwa suka tashi kamar an ce rabon kaya. Da aka ce ai bayan layi ne, kowa ya tuna da ciwon gwiwa. Mutum ɗaya ta bar hannunta a sama, sabuwar malamar kimiyya, wato Shiru-Shiru ta wancan lokacin.

"Ranka ya daɗe, ni zan je," in ji ta. "Har yanzu takalminta na wurina."

Mun gode, uwar 'ya'yan wasu. Allah ya huta da gajiyarki, ya ba ki lafiyar ƙafa. Ku kuma masu ciwon gwiwa, mutum ɗaya ba ta isa yaran nan ba. Wani ya tashi ya tsaya mata a baya.