Tsinke na Huɗu

Mu biyar ne a ɗakin Kaka ranar nan: ita kanta, da Gwaggo Asabe tana ɓarar gyaɗa, da yayata Saude, da ni, sai Rabi, ƙawata ta maƙwabta. A gidanmu na Ƙofar Guga ke nan, cikin sanyin shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau. Da an idar da isha'i sai a jawo kaskon wuta tsakar ɗaki, mu kewaye shi.

Ƙawancena da Rabi na gaske ne, wanda iyaye suka sani. Da salla in kai mata tuwo, ta kawo mani lalle. Amma ita an sa ta boko, ni ba a sa ni ba. Can ta haɗu da wata Zainabu, ɗiyar ma'aikacin da aka kawo GRA, uwar Zainabun kuma ta koya mata saƙa. Rabi ta samo wayar keke huɗu wajen mai faci, ta goge bakinsu a dutse suka zama tsinkaye, ta kama saƙa wa Zainabu safa da jan ulu. A gabana, a ɗakin kakata.

Sau biyu ina zare mata tsinke ɗaya in ta tashi alwala, saƙar ta zube. Kowane karo sai ta tafi GRA a gyara mata, ta wuni can. Na uku na ɗauke tsinken ɗungurungum, na soke shi cikin tsintsiya. Ranar nan Rabi na zaune da tsinke uku, ido jawur.

Kaka ta dube ta, ta dube ni, ta tona garwashi, ta ɗauko tatsuniya. "Ga ta nan, yau da ƙafarta ta zo."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai Bushiya da Kurege aminai ne, raminsu ɗaya. Bushiya ta ga Zalɓe na wuni tsaye cikin ruwan sanyi, ta ji tausayinsa, ta ciri ƙayarta huɗu ta soma saƙa masa safa. Aikin kwana uku ne. Kurege ya ji haushi, kullum in ta juya baya sai ya gutsure zaren. Ita kuma ba ta riƙe awo a ka, duk sanda saƙa ta lalace sai ta koma rafi ta sake auna ƙafar Zalɓe, ga ta doguwa. Yau rafi, gobe rafi, har ta ga tafiyar ta yi yawa, ta haƙa rami a bakin ruwa.

Saude ta ce, "Kaka, ta dawo?"

"Mi zai maido ta? Kurege na can shi kaɗai, baki duk zare." Ta juyo wajena. "Ke Hajo, mai idon kyanwa, gobe ke ce da shara. Ki riƙe tsintsiyar nan da kyau, na ga ta yi nauyi."

Gwaggo ma ba ta gane ba.

Na haifa, na aurar, yanzu jikoki nake tsaro, an kuma san ni da zafi. Amma in na ga yarinya ta ɓata kayan wata, kafin in ɗaga hannu sai na duba wa take tsoron a ƙwace mata. Ba zan yi ƙarya ba, haushin bai bar ni ba. Ni da Rabi har yau muna tare, Zainabu tuni aka ɗauke ubanta suka bar gari, duk da haka in na ga jan ulu a kasuwa sai na kau da kai.

Washegarin ranar nan da safe na yi sharar. Na zare tsinken, na goge shi da bakin zanena, na shiga gidansu Rabi tun ba ta sa kayan makaranta ba. Ta karɓa, ta daɗe tana kallona.

"Ina kika gan shi?"

"Inda na sa shi," na ce. "Kawo ulun in riƙe maki, ki gama abin nan mu huta."