Katifun da Suka Fi Ɗakunan Kurudu Girma

Liman na sallame sallar asuba muka ɗaga daga Kano, ni da direba a gaban babbar mota, bayanmu katifu ne an ɗaure su har sama. Masu tambayata yadda na samu Abuja, ga labarin, don na gaji da maimaita shi a bakin shago.

Gwamnati ta kwaso kayanta daga Ikko ta koma sabon birni, ma'aikata na biye da ita, kuma duk wanda ya sauya gari dole ya nemi abin kwanciya. Sai na zuba jarina kaf a manyan katifu masu faɗi, irin na ɗakin amarya, na ce manya zan kai wa. In kayan nan suka dawo Kano, to shagona ya rufe.

Mun karya a Zariya da koko da ƙosai, muka ci sakwara a Tafa, mai abincin tana tsakurar nama kaɗan-kaɗan kamar da hayaniya ta rabu da mahauci. Daga Suleja muka fara jerawa da motoci ɗauke da teburan ofis da kabad-kabad, an yi musu lodi kamar kayan jere. Na dube su na ji daɗi, na ce wa direba ga masu sayen kayana nan.

Maitama muka nufa kai tsaye. Titi sumul kamar an bi shi da dutsen guga, amma babu mai shayi, babu mai faci, sai katangu da ƙofofin ƙarfe. A Kano in ka ga fili sai ka baza kayanka, in mai gida ya fito ku gaisa. Haka na so yi. Ban gama kwance igiya ba ma'aikatan tsara birni suka tsaya a kaina. Ba su ci min mutunci ba. Sun dai ce tun kafin a dasa bulo ɗaya an zana wa kowane abu wurinsa, nan na gidaje ne, in tafi kasuwa. Na je kasuwar, na ji kuɗin hayar rumfa, na yi salati na dawo cikin mota.

Wani mai gadi Bakatsine da ya ga yadda aka yi da ni ya ce, “Alhaji, masu gidajen nan da gadonsu suke zuwa. Mu ne dai a kan tabarma.”

“Ku a ina kuke kwana?”

“Bi motocin da ke barin gari da la'asar, za ka gani.”

Ga hadari ya haɗo, katifa kuwa in ta sha ruwa ta gama. Muka bi motocin, cike da direbobi da masinjoji da masu ban ruwan fulawa, ta Nyanya da Karu har Kurudu. Nan kwalta ta ƙare. Gonakin doya ne da dawa, matan Gbagyi na wucewa da kaya a kafaɗa, ga jerin ɗakuna na jar ƙasa sai tsirowa suke a tsakiyar kunyoyi. Wata mai sayar da abinci ’yar Filato, kowa Mama yake ce mata, ta hango mu muna kallon sama. Ba ta tambayi sunana ba ta kwashe bencinanta, muka tura katifun cikin rumfarta. Muna sa ta ƙarshe ruwa ya kece. Allah ya saka mata da alheri.

Da safe mutane suka taru. Wani masinja ya taya katifa ɗaya, muka daidaita, muka ɗauka zuwa ɗakinsa. Ta ƙi shiga. Muka lanƙwasa ta da ƙyar ta shige, sai ta hau bango hagu da dama, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ashe tsadar haya ta sa masu gidaje suna raba ɗaki ɗaya gida biyu. Mama ta riƙe ciki tana dariya.

“Alhaji, katifa naka ya fi ɗaki girma! Sai ka haɗa mana da ɗaki ka sayar.”

Ni ban yi dariya ba. Na zauna na dubi tarin kayan, na dubi ƙofofin unguwar, sai na ce ta ara min babbar wuƙarta. Na wasa ta, na farke rigar katifar, na raba soson biyu. Yankan farko har cikin raina na ji shi. Mijin Mama tela ne, ya jawo kekensa bakin rumfa yana ɗinka sababbin riguna. Rabi-rabi kuwa sai ga ta daidai ɗaki, daidai aljihu. Riba ba ta taka kara ta karya ba, amma cikin ’yan kwanaki rumfar ta koma fayau, uwar kuɗina ta fito.

Har na yi sha'awar sayen fili a hannun dagaci in kafa shago. Telan ya ce in bi a hankali, ƙasar nan duk ta gwamnati ce, ran da zanen birni ya iso nan jan fenti za a shafa wa bangon a rushe shi. Sai na kama gefen rumfarsu haya, na huta.

Mun dawo Kano mota wayam, mun biya Tafa na saya wa iyali doya. Abin da na koyo shi ne, ɗan kasuwa kada ya tambayi inda mutane ke aiki, ya tambayi inda suke kwana. An gina birni mai kyau, amma masu buɗe masa ƙofa da safe ba a ware musu inda za su miƙe ƙafa ba. Na riga na yi odar ƙananan katifu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi fita daga raina, wani direba sabon ango da ya sayi rabi biyu. Ya ce, “Oga, ka ba ni waɗanda aka yanka daga jiki ɗaya, kar ka cakuɗa min. Zan ɗora wannan kan wannan tukuna. Ran da na samu babban ɗaki, in kawo wa tela ya haɗe su.”

Na tona tarin da hannuna sai da na nemo masa ’yan uwan juna.