Ruwa Ma Yana Tsatsa

A ofishin gwajin ruwa, dattijon da ke gabana a layi yana rungume da kwalba kamar jinjiri. Rigarsa ta sha guga, sai dai farinta ya yi dabbare-dabbaren ja. Ruwan kwalbar ma ja ne, da gurɓi kwance a gindi.

"Garau muke ɗebo shi daga rijiya," yake gaya wa ma'aikaciyar, murya ƙasa-ƙasa. "Da ya kwana sai ya koma haka. Kuma shi jikokina suke sha. 'Yata, ko wani ne yake zuba mana wani abu?"

Ta ɗiba kaɗan, ta ɗiga magani, ta ɗaga ta duba.

"Ba guba ba ce, Baba. Ƙarfe ne a narke cikin ruwan tun daga ƙasa. In iska ta taɓa shi sai ya yi tsatsa. Ku bari ya kwanta, ku tace."

"Ashe ruwa ma yana tsatsa?"

Yana dariya yana share ido da bakin hula. Ina jin akwai maƙwabcin da yake zargi, wanda ya kwana biyu bai samu gaisuwarsa ba, don a bakin ƙofa na ji shi yana cewa, shi kaɗai, "Allah ya so ni ban buɗe baki ba."