Kilarinet Ɗina a Hayaƙin Babban Duhu

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da wani tsohon abokin aikina wanda ya ƙare zamaninsa yana dukan babbar ganga a badujalar ƴan doka. Ku tsofaffin abokan aiki da kuka nemi in ba ku labarin wannan tafiya, ga shi yadda ya kasance.

Sai in fara da dalili. Shugaban wata makarantar sakandare ya yarda in koya wa yaransa busa, bisa sharaɗin in zo da kilarinet na koyarwa, domin abin da ma'aikatar ilimi ta aiko masa ganguna ne kawai. Ga wanda bai sani ba, kilarinet algaita ce ta Turawa, baƙin itace mai maɓallan azurfa, da ɗan siririn harshe na kara a bakinsa. Nawa, Baturen da ya koya mini busa ne ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu, shekarar da muka sami mulkin kai. Da na yi ritaya sai na ba ɗalibina aronsa, wani kofur ɗan ƙauyen Babban Duhu, wanda shi kaɗai ya iya busa shi a bayana. Kofur ya rasu a haɗarin mota, aka kai kayansa gidan wansa. Mutumin kirki ba ya zuwa gidan makoki neman kayan aro, saboda haka damina uku na yi shiru. Iyakar sanina babu wani kilarinet a lardin nan, babu kuma mai busa shi sai ni, ga shi na haura saba'in. In ban koyar yanzu ba, shi ke nan.

Akori-kura muka shiga zuwa Batsari, aka girmama furfurarmu aka ba mu gaba. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani. Da na yi ƙorafi ina lissafi da fam, direba ya ce, “Baba, fam ya rasu, naira ke sarauta yanzu.” Daga nan ya kunna rakoda, bai kashe ba har muka sauka. Waƙar ba ta da laifi, amma mai busar cikinta bai san inda ake shaƙar numfashi ba.

Mun tarar da Batsari ranar kasuwa. Garin rogo ne, kowa ya sani, don haka muka karya da dafaffen rogo da garin ƙuli-ƙuli, muka kora da fura mai nono. Kasuwar ta sauya mini. Layin da na sani na masu ƙorai da tukwane ya koma na rediyo da agogo da kwanonin ƙarfe. Gero ya yi kyau bana, amma duk manomin da na gaisa da shi kukansa ɗaya, samari sun tafi birni dakon siminti, sun bar tsofaffi da lauje.

Daga Batsari zuwa Safana hanyar burji ce, ruwan ƙarshen damina kuma ya cinye ta. Motarmu ta kafe a wani rafi, kowa ya sauka turi. Ni dai ban tura ba, ina cikin farar babbar riga. Abokina ya tura, ya fito taɓo har gwiwa yana harara ta. Da muka zauna gindin wata ƙirya jiran injin ya huce, sai ya ce, “Samanja, haka kake tun muna samari. Mu mun gama fareti mun tafi cin tuwo, kai kana zaune kana yi wa sandarka wankan jego.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ina alfahari da ita. Kilarinet ba a gama busa shi a jingine. Numfashin mutum ruwa ne, yana taruwa a cikinsa. Sai ka cire harshen ka goge, ka ajiye shi a shimfiɗe. Ka zura ƙyalle mai igiya ta cikin bututun har ya bushe. Sa'an nan ka raba shi gaɓa-gaɓa, domin guda biyar ne ake haɗawa, ka share bakin kowace gaɓa, ka kwantar da kowacce a gurbinta cikin akwati. Ba ya son rana, ba ya son wuta. Mai kuma, in ban da ɗan kaɗan a mahaɗa, kada ya kusanci ƴan fatun da ke toshe ramukan. Haka aka koya mini, haka na koya wa kofur, har ya fi ni tsanani.

A Safana muka kwana, gidan wani malami da ya karɓe mu da tuwon dawa miyar kuka. Da hantsi wasu mutanen ƙauyen Zakka suka kwatanta mana hanya, muka hau babura biyu zuwa Babban Duhu. Ban taɓa hawa bayan wani a kan babur ba, kuma ba na fatan in sake.

Rugar wan kofur tana bayan gari. Bafillace ne dogo, ya kai hamsin. Muka yi doguwar gaisuwa, muka yi ta'aziyya, muka gaida mahaifiyarsu, tsohuwa wadda idonta ya yi rauni. Da yake kakana Babarbare ne, ana shafa fatiha wasa ya tashi.

“Ga Babarbare ya zo shan nonon banza,” in ji shi.

Na ce, “Nono dai na sha a Batsari, rabinsa ruwa, na san aikin danginka ne. Ajiyata na zo ɗauka.”

Sai ya miƙe da murna. “Baba Samanja, wanga abu tun da ya shigo gidan ga bai taɓa ƙasa ba. Marigayi ya sha ce mani ya fi bindiga daraja. Taho ka gani da idonka.”

Na zaci ɗakinsa za mu shiga. Sai ya nufi bukkar girki. Can sama, bisa murhu, inda suke rataye zangarniyar iri don hayaƙi ya kore ƙwari, nan na hango kilarinet ɗina a rataye, a haɗe, tsawonsa guda, yana ƙyalli kamar an tsamo shi daga miya.

Ya sauko da shi da hannu biyu, yana bayani. “Da aka kawo akwatin na buɗe, wallahi sai da na yi hawaye. Na iske shi a kakkarye, gunduwa-gunduwa, haɗarin bai bar shi ba. Na ce abin da ƙanena ke so ba ya zama hakanan. Kwana na yi ina gwada wanga da wancan har suka zauna. Na narka ƙaro na liƙe, na naɗe kowace karaya da ɗanyar fata yadda muke wa sanda. Yanzu ko sa ya taka shi ba ya rabuwa. Duk Juma'a ina shafe shi da man shanu, ciki da waje. Ƙarafan kuwa mai ɗakina ke goge su da toka. Ɗan karan bakin ya tsage, na fere wani da karan dawa.”

Ashe har ranar da ya mutu kofur bai saɓa ba. Ya goge, ya raba, ya kwantar da kowace gaɓa a gurbinta. Wannan kyakkyawar ajiya tasa ita ce ɗan'uwansa ya gani ya ɗauka karaya ce.

Na karɓa na duba. Fatar ta bushe ta shaƙe mahaɗan, ta lanƙwasa maɓallai. Ƴan fatun ramuka sun sha mai sun ruɓe. Zafin murhu ya tsaga gaɓar sama, tsagar ta ratsa ramukan yatsu, ga bakin da ake busawa ya karkace. Abokina ya leƙa ta kafaɗata, ya kawar da kai.

Mutanen ruga sun riga sun taru. Tsohuwar ta ce, “Malam, a busa mana irin wadda yake busawa in ya zo hutu.”

Na zaro sabon harshe da na zo da shi a aljihu, na ɗaura, na gyara tsayuwa, na busa. Iska ce kawai ta fita ta tsagar, da warin tsohon mai. Na sake. Haka.

Fuskar mutumin ta sauya. Ya ce, “Baba, mi ya faru? Ko ban riƙe amana ba?”

Ni ne na busa a gaban manyan baƙi ranar da aka sauke tutar Turawa, ban taɓa kuskuren sauti a bainar jama'a ba. Na dube shi, na dubi uwarsa, na ce, “Ka riƙe amana. Numfashina ne ya tsufa.”

Ya kwashe da dariya har da tafi. “Kun ji ko! Babarbare ya ƙare, ko kara bai iya hurawa!” Ruga duka ta ɗauka. Na tsaya aka yi dariyar da ni. Suka yi mana guzurin ƙwai na zabi da ƙwaryar man shanu, wai kada in fasa shafawa.

Washegarin isowarmu na je na gaya wa shugaban makarantar. Ya ce kada in damu, ganguna ma sun isa fareti. Na tambayi waɗanda suka sani, suka ce mai gyara sai Ikko, kuma itacen da ya tsage ta ramuka ko can ba a cika ceto shi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun koya wa ɗalibanmu busa da ajiya, amma iliminsu a bariki ya tsaya, bai bi su gida ba. Duk wanda a cikinku kayan busarsa ke hannun wani, ya je tun yau ya buɗe akwatin a gaban mutanen gidan, ya nuna musu cewa haka abin yake kwana. Nawa yana bisa kabad a naɗe cikin tsohon rawani, domin ba ya rabuwa, akwatinsa kuwa ba ya ɗaukarsa a haɗe. Allah ya jiƙan kofur, ya sa ya huta.