Injiniya Herminia, Mai Cizon Dutse

Kullum kafin masu tsinkar lemu su jingina tsani, Injiniya Herminia Tolentino ta riga ta buɗe rumfar da kamfanin mai yake ajiye duwatsun da aka ciro daga ƙarƙashin ƙasa. Za ta jiƙa dutse da ruwa, ta ƙura masa ido, sannan ta ɓalli ɗan kaɗan ta sa a haƙori. In ya yi gurus-gurus, yashi ne, mai yana iya kwanciya a ciki. In ya yi santsi, laka ce. Tun ba a haife ni ba take wannan aiki, a watan nan kuma za ta ajiye shi.

Dutsen yankinmu na Álamo falle-falle ne, kamar gurasar masara da aka jera a kwando. Fallen yashi, fallen laka, wani ko kaurin farce bai kai ba. Na'urar awo da ake zurawa a rijiyar mai kuɗin goro take yi musu, shi ya sa sai an sa ido.

Shekarar da mahaifina ya rasu, aka zo aka kafa turaku masu jan ƙyalle a tsakiyar gonar lemunmu. Nan za a haƙa rijiyar mai. Itatuwan nan da hannunsa ya dasa su. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Sai na ciko kwando da lemu na nufi rumfar.

Na ce wa Injiniya Herminia, "Inna, don Allah ki ce musu babu mai."

Ta ce, "Akwai, Crispín. Ɗauki kwandonka, ɗana. Abin da dutse ya faɗa mini shi zan faɗa."

Direbanta, Don Nabor, ya leƙo ya ce, "Kai ma dai! Mai cin dutse ka kawo wa lemu? Ai da tsakuwa ka soyo mata."

Ban yi dariya ba. Na koma gida da kayana.

Ashe ba ta bar maganar ba. Daminar nan duka tana bin gaɓar kogi, inda ruwa ya tone dutsen, tana bin fallayen ɗaya-ɗaya. So take ta gani ko sun zarce ba yankewa daga ƙarƙashin gonarmu har tudun tsakuwar da awaki kaɗai ke hawa. In sun zarce, ana iya kafa rijiyar a can, a lanƙwasa ta a ƙasa har ta kai ga man. Don Nabor ya ce sau tari yakan ciro ta daga taɓo har gwiwa yana cewa, "Tsohuwa, ke za ki kashe ni kafin na ga fansho." Manyan kamfanin suna ta matsa mata ta sa hannu a haƙa a gonarmu, tana cewa a dakata.

Ta zo gidanmu ta zauna gaban mahaifiyata ta ce, "'Yar'uwa, in sun yanke zan faɗa, kuma gonar za ta tafi. Ba zan ruɗe ki ba."

Ba su yanke ba. Rijiyar tana kan tudu yanzu. Turakun kuwa, wake ne ke hawa kansu a bayan ɗakinmu.

Inna Herminia, ke ce kika ƙi yi mana ƙarya, kika kuma ƙi barin mu da kuka. Gaskiya ta fi ƙarfin roƙona, sai kika biya da ƙafafunki. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji rumfarta, ku riƙa tuna cewa a saman kowane dutse akwai mutane.

Jiya na sake kai mata kwandon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zaɓi guda ta miƙo mini.

Ta ce, "Yau kam zan sha. Ɓare mini, ɗana, haƙoran sun ƙare a dutse."