Ɗigon Jirgin Bahago

A Ƙofar Kuyambana kowa ya san Rilwanu Bahago ba ya zama. In ya zauna a dakali ƙafarsa na rawa, in ya tashi bai san inda zai nufa ba. Yana saurayi ya bi wata motar kifi zuwa Yawuri, can ya koyi gyaran jiragen ruwa masu inji, ya bi kogi har furfura ta fara leƙo masa. Matarsa Rakiya kuwa tana nan cikin birni, tana ganinsa Sallah zuwa Sallah kamar baƙo. Ta raini 'ya'ya ita kaɗai, ta aurar da biyu ita kaɗai, kuma wallahi ta gaji.

Bara sai ga shi ya dawo da wani tsohon jirgin ƙarfe a bayan tirela. Jirgi a Zazzau! Majalisar ƙofar gida ta samu abin yi. Da ƙyar aka turo shi ta lungu, aka ɗora shi kan duwatsu a kangon da ke jikin gidansu. Bahago ya ce da damina zai riƙa ƙetarar da manoma da kayansu a kogin Galma. Ya kuma faɗa wa Rakiya a gaban yayansa cewa in jirgin ya yi, ya dawo gida ke nan. In bai yi ba, bai ƙarasa maganar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ciwon jirgin wuri ɗaya ne. Akwai sandar ƙarfe da ta taso daga inji ta huda gindin jirgin ta fita zuwa farfela, to ta wannan hudar ruwa ke shigowa. Bahago ya kwance notin wurin, ya ƙwaƙulo ruɓaɓɓiyar igiyar da ke ciki, ya kitsa sabuwa ta rama, ya dafa ta cikin kitsen shanu har gidan ya ɗauki ƙauri. Ya yanka ta zobe-zobe ya cusa kewaye da sandar, ya mayar da noti. Tun da babu kogi a kango, sai ya juya gwajin: ya sa 'yan garuwa suka yi ta juye ruwa cikin jirgin, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi yana kallo.

Rakiya na leƙe ta katanga. Ta ga ruwa na ɗiga, ɗis, can an jima ɗis. Ta tuna maganar nan da bai ƙarasa ba. Ita a saninta, randa in tana ɗiga ta tashi aiki, famfo in yana ɗiga ƙara matse shi ake yi. Abin da ba ta sani ba, kuma mutumin nan bai taɓa zama ya gaya mata ba don ba ya zaman hira, shi ne ɗigon nan da gangan ake barinsa. Shi ke jiƙa igiyar ya sanyaya sandar in tana juyawa.

Ranar Juma'a, da ya tafi masallaci, ta yafa mayafi ta shiga kangon. Ta ɗauki babbar sifana, ta kama notin da hannu biyu, ta danna da dukan ƙarfinta har ya ƙi motsi. Ta tsuguna ta daɗe tana duba ƙasa. Ko ɗigo babu. Ta koma gida da murna, har ta yi masa dambun nama.

Bahago ya dawo ya ga wurin a bushe, ya ce igiya ce ta kumbura. Da mai natsuwa ne da ya sa hannu ya taɓa notin, amma ga tirela ya riga ya kira, ga hadari na haɗuwa a gabas. Aka kwashe ruwa, aka loda jirgin, shi da yayansa suka nufi kogi.

Ba su kai tsakiyar Galma ba hayaƙi ya taso daga gindin jirgin. Igiyar ta ƙone, sandar ta yi zafi ta zaizaye, ruwa ya ɓarke ciki. Da gora suka turo shi gaɓa, shi da yayansa, suna kwarfar ruwa da kwano.

Ya shigo gida jiƙe sharkaf, ya zauna bakin rijiya. Ya ce, "Wani ya matse mini notin nan."

Rakiya ta ce, "Ni ce, Malam. Na ga yana ɗiga, na ce in ka ga bai yi ba za ka tafi."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dube ta, faɗan ya ƙi fitowa. Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce sandar ta lalace, kuma duk Zariya babu irinta, sai Yawuri.

"Yaushe za ka dawo?"

"Da na samu, Rakiya. Ba zan daɗe ba."

Ta ce Allah ya sa. Ta shiga ɗaki ta jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ta sa riguna da bargo. Sannan ta buɗe akwati ta ɗauko babbar rigarsa ta Sallah, ta ninke, ta sa masa a ciki, don ta san bana ko Sallah ba a gida zai yi ta ba.